Rasuwar Asusun da Achar Ya Haddace Lambarsa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, tare da miƙa wuya ga hukuncin da ba a nemi shawarata a kansa ba, ni Hakimzadi, matar marigayi Dhani Bux, mai sana'ar achar a lungun da ke bayan Lakhi Dar a nan Shikarpur, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da masu saye na kusa da na nesa rasuwar asusuna na banki. Ya rasu ranar Alhamis da hantsi, a kan teburin manaja, a gaban idona, bayan jinyar da ta cinye kusan duk lokacin ɗanyen mangwaro. Ya bar duniya yana da shekara goma sha ɗaya. Bai taɓa cin haƙƙin kowa ba, bai taɓa kwana da abin wani ba, kuma duk wanda ya yi hulɗa da shi zai ba da shaidar haka.

'Yata Nazeeran ta ce in rufa wa kaina asiri, wai ba a sanarwar rasuwar asusu, mutane za su ce zafin rana ne ya taɓa ni a saman soro. Na ce su ce. Na ga an yi sanarwar rasuwar mutanen da ba su taɓa amfanar kowa da ko cokalin gishiri ba, har da hotonsu a jarida. Marigayin nan kuwa, ban da ɗawainiyar gidana da ya ɗauka, shi ne hanya ɗaya tak da ta rage tsakanina da ɗana Achar, wanda ya bar gida shekara takwas ke nan. Ban san inda yake kwana ba, ba ni da lambar wayarsa. Ta cikin asusun nan yake gaishe ni duk Sallah. Ga Babbar Sallah ta kunno kai, shi kuma bai san an yi rasuwa ba.

An haifi marigayin a reshen bankin da ke bakin kasuwa, wanda ba zan kama sunansa ba, don ba a zagi a takardar ta'aziyya. Kafin zuwansa duniya, kuɗina a cikin tulun da babu komai suke kwana, a jere da tulunan da ke cike da kaya, har sau biyu na kusa sayar wa mutum da shi. Achar ne ya gaji da wannan, ya ja ni zuwa banki, lokacin gashin bakinsa bai daɗe da tsirowa ba. Ubansa bai so ba. Cewa ya yi mutumin da zai karɓi kuɗinka ya ba ka takarda, ya kuma sa ka bi layi kafin ka gan su, ba amini ba ne. Muka bar shi yana mita muka tafi.

Tunda takardar nan za ta je hannun waɗanda ba su san gidanmu ba, bari in raba musu abu biyu, kada su ruɗe. Achar shi ne abin da nake yi, ɗanyen mangwaro da lemun tsami da karas, a yanka, a shanya, a cuɗe da gishiri da yaji, a nutsar a mai, a bar wa rana ta ƙarasa aikin. Achar kuma shi ne ɗana, don ran Lahadi na haife shi, kuma da sunan ranar muka kira shi, don a harshenmu Lahadi ita ce Achar. A bakinmu ba sa haɗuwa, ɗaya jansa ake yi, ɗaya datse shi ake yi, a rubutunmu ma akwai alifi guda a tsakaninsu. Amma waya da banki da haruffan Turawa suke aiki, su kuwa ba su da wannan alifin. Dhani Bux ya kan ce achar biyu gare shi a gida, ɗaya yana kawo kuɗi, ɗaya yana cinye su.

Ranar haihuwar marigayin, ma'aikacin da ke cike takardu ya tambayi sana'ata. Na ce ina yin achar ina sayarwa. Ya yi murmushi ya rubuta matar gida, don a ganinsa abin da mace ta yi tsakanin murhu da saman soro ba sana'a ba ne, taimakon miji ne. Ni ban ga abin da ya rubuta ba, da na gani ma da ban ce komai ba, don matan unguwarmu kaf haka aka rubuta su, har da wadda ke da keken ɗinki huɗu da 'yan aiki. Yanzu masana sun tabbatar mini da ciwon da ya kashe marigayin aka haife shi.

Lambarsa doguwa ce, ni dai har ya rasu ban iya faɗinta ba sai na duba. Achar kuwa kafin mu iso gida ya haddace ta. Ya mayar da ita waƙa, yana juya mangwaro a cikin kwatarniya yana rera ta, har sai ubansa ya jefe shi da takalmi. Shi ya fara rubuta ta a jikin murfin kowane gwangwani, ya ce wa masu saye su daina ba direbobi kuɗi a ƙulli, su zuba a banki. Daga nan achar ɗina ya fara zuwa garuruwan da ni ban taɓa takawa ba.

Game da halayen marigayin, ba zan yi ƙari ba, don ba ya buƙata. Mai riƙon amana ne. Ba ya barci, ba ya zuwa hutun Sallah, ba ya cewa a dawo gobe. Shi ya biya wa Nazeeran makarantar koyon aikin malanta, shi ya mayar da rufin ɗakin baya shekarar da ambaliya ta tafi da shi, shi yake sayen mai da mangwaro tun farashi bai tashi ba. Mai rufin asiri ne ƙwarai. Khamiso, ƙanin mijina, ya yi shekaru yana shinshinar abin da nake samu, bai taɓa jin ko ƙamshinsa daga bakin marigayin ba. Wannan kaɗai ya isa a yi masa addu'a.

Ba shi da yawan magana. Duk abin da yake cewa bai wuce tilin-tilin ba, daga cikin wayar da nake ɗaurewa a bakin mayafina. Nazeeran ta ce ƙara ɗaya ce, ko kuɗi suka shiga ko suka fita. Ita ta sani. Ni da na zauna da shi na san tilin-tilin ɗin shiga daban, na fita daban, kuma na san akwai wani na uku da ba ya yi sai sau biyu a shekara, wanda shi ne dalilin wannan takarda.

A shekarar marigayin ta uku, Achar ya ɗauko ubansa a babur daga kasuwar mangwaro, buhuna ɗaure a gefe, wata motar kaya ta matse su a hanyar Sukkur. Achar ya tashi da ƙujewa a gwiwa. Dhani Bux bai tashi ba. Marigayi asusun ne ya sayi likkafani, shi ya ciyar da masu zaman makoki. Ranar sadakar uku, a gaban maza, Khamiso ya buɗe baki ya ce kowa dai ya san hannun da ke riƙe da kan babur. Ni ina ciki ina takaba, maganar ba ta iso ni ba sai bayan ta gama aikinta. Yaron ya daina cin abinci da mu, ya daina haɗa ido da ni. Washegarin arba'in na tarar da makullin babur a kan murfin tulu, shimfiɗarsa a naɗe. Mai takaba ba ta fita ƙofar gida, balle ta bi mota zuwa tasha. Ban taɓa ɗora masa laifi ba, ko a zuci, ko a mafarki, kuma abin da ke cin raina har yau shi ne bai tsaya ya ji haka daga bakina ba.

Na yi watanni ban san ko yana raye ba. Ana gobe Ƙaramar Sallah, ina tsiyayar mai a gwangwani, marigayin ya yi magana. Na goge hannu na duba. Saƙon ya ce Achar, amma wannan ba labari ba ne, don duk mai saye idan ya zo wajen da ake rubuta dalilin turo kuɗi, Achar yake rubutawa. A yini ɗaya sai in ga sunan ɗana sau goma, gabana ya faɗi sau goma, ashe mangwaro ne. Har zan mayar da wayar sai idona ya sauka a kan wutsiyar kuɗin. Akwai rupi ɗaya a kai.

A nan ko yaron goye ya san kuɗin ciniki a dunƙule ake biyan su, a karɓa a rabu. Amma abin da za a sa wa amarya a hannu, ko a kai wa uwa, ko a ba malamin da ya koyar da kai, ba a miƙa shi a dunƙule, sai an ɗora rupi ɗaya a kai. Dunƙulallen kuɗi sallama ne. Rupin nan shi ke cewa da saura a tsakaninmu. Tun da nake sana'a ba a taɓa sayen achar da rupi ɗaya a kai ba. A ƙarshen saƙon an rubuta reshen da aka zuba kuɗin, Kotri. Na zauna a ƙasa cikin tuluna na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da ubansa, man yana ta zuba har ya cika gwangwanin ya malala.

Tun daga nan marigayin ya ɗauki aikin da ba a buɗe shi dominsa ba. Duk Sallah, ƙarama da babba, sai ya kawo mini gaisuwar Achar da sunan garin da yake. Kotri, sai Hub, sai Gwadar har sau biyu, sai Sadiqabad, sai Karachi na tsawon lokaci. Idan abin da ya turo ya yi kauri, na san ya samu aiki. Wata shekara abin da ya zo bai isa sayen kwandon lemun tsami ba, amma rupin yana nan a kai, na yi baƙin ciki na kuma gode wa Allah a zama ɗaya. Mijin Nazeeran ya taɓa bin sawunsa har Hub, ya tarar ya tashi. Na roƙi banki su gaya mini abin da suka sani a kansa, suka ce doka ta hana a ba wani bayanin wani, ko da uwarsa ce. Na haƙura. Sanin yana numfashi, yana da hannun aiki, kuma bai manta waƙar lambar ba, shi nake ci daga Sallah zuwa Sallah.

Ciwon ajali ya fara a farkon mangwaron bana. Na je na'urar cirar kuɗi don in sallami mai kawo mini mai, ta haɗiye katin ta yi shiru, sannan ta tofo shi. Na ɗauka wuta ce ko hanyar waya. Bayan kwana biyu ta sake tofo shi. Marigayin ya koma yana ci ba ya fitarwa, tilin-tilin ɗin shiga yana nan, na fita ya ɗauke. Sai ga takarda da Turanci, Nazeeran ta karanta ta fassara mini. Wai banki ya sake duba dangantakarsa da ni, ya ga ya fi kyau a kawo ƙarshenta. An gode mini da kasancewa tare da su. Ko takardar saki ta fi wannan bayani.

Na sa mayafin fita na tafi wajen manaja, Sain Gulsher, yaron kirki, uwarsa ma achar ɗina take ci. Ya tashi tsaye, ya sa aka kawo mini shayi, kuma tun daga shayin na san jikin ya yi tsanani. Ya ce asusun nan na matar gida ne, matar gida kuwa ba ta karɓar kuɗi daga ɗaruruwan baƙi daga Quetta har bakin teku. Ya ce dokoki sun ƙara tsauri, kuma ba shi ya gani ba, kwamfutar babban ofis ce a Karachi ta gani. Abin da ya dace da ni asusun kasuwanci ne. Na ce to a sauya masa suna mana, ai ni ma an sauya mini daga amarya zuwa gwauruwa ban mutu ba. Ya yi dariya kaɗan, ya lissafa mini magungunan da za a nemo.

Na nemo su, Allah shaida. Na yi lambar haraji, na yi rajistar sana'a, na sa aka sassaƙa mini hatimi, ni da ban taɓa buga wa kowa hatimi ba sai murfin gwangwani. Suka ce sai da hoton shago mai allo a ƙofa. Ba ni da shago, sai soro da rana, don haka mijin Nazeeran ya rubuta allo muka jingina a jikin tuluna aka ɗauka. Ana cikin wannan Khamiso ya zo dubiya, ya ce ai abu mai sauƙi ne, masu saye su riƙa zubawa a asusunsa, shi kuma ya riƙa kawo mini. Na ce masa na gode, amma bakin da ya kore mini ɗa ba zan ba aljihunsa ajiya ba. Ya tashi bai shanye shayinsa ba, kuma shi ne abin daɗi ɗaya da na gani a duk jinyar.

Da na kai takardun, Sain Gulsher ya ce komai ya cika, za a buɗe mini sabon asusu a take. Na ce alhamdu lillahi, lambar dai tana nan ko? Ya sunkuyar da kai. Sabon asusu, sabuwar lamba. Lambar wanda aka rufe ba a gadonta, ba a ba wani, ba a ba mai ita. Don in gane ba zalunci ba ne, ya juyo mini da fuskar kwamfutarsa, ya bi layukan da bakin alƙalami.

"Duba, Amma," in ji shi, don haka muke kiran uwa. "Duba. Achar, Achar, Achar, har ƙasa. Duk ciniki ne."

Na ɗora yatsa a kan na Ƙaramar Sallar da ta wuce. "Wannan ba ciniki ba ne, Sain. Ɗana ne."

Ya matso ya duba, ya ga rupin. Ɗan garin nan ne, bai buƙaci a yi masa bayani ba. Ya koma baya shekara bayan shekara yana nemansu, yana samu. Sannan ya gaya mini abin da na gwammace ban ji ba. Irin waɗannan ne Karachi ta fi ja wa jan layi, tsabar kuɗi daga hannun mutum ɗaya, yau a wannan gari, gobe a wancan, ba adireshi tsayayye. Ciniki ya sa aka duba marigayin, gaisuwar ɗana ta sa aka yanke masa hukunci.

Ba zan ci haƙƙin yaron ba, ya yi ƙoƙari. Ya rubuta wa babban ofis cewa Achar ɗin nan biyu ne, ɗaya na ci, ɗaya mutum. Ya roƙi a bar lambar a raye ko da ba za a cire komai daga cikinta ba. Amsa ta zo cewa an duba, hukunci yana nan. Na tambaye shi, idan yaron ya je zuba kuɗi a jajibirin Sallah, me za a ce masa? Ya ce za a ce masa an rufe asusun. Na ce idan ya tambayi wanda ya rufe fa? Ya ce wannan ba ya fitowa a gaban mai karɓar kuɗi, za a dai turo masa abinsa ta ƙarƙashin gilashi.

To, jama'a, ku auna da kanku. Abin da talaka ya sani, asusu iri biyu ake rufewa, na wanda ya mutu, da wanda mai shi ya rufe da hannunsa. Kuma kowa ya san ma'anar a mayar wa mutum kyautar da ya ɗora wa rupi. Yaron da ya yi shekara takwas yana zaton uwarsa na ganin jinin ubansa a hannunsa zai tsaya a gaban gilashi a wani gari, a turo masa kuɗinsa. Ko ya ce na mutu, ko ya ce na gaji da shi. Ban san wanne ya fi muni ba, na dai san bayan kowanne ba zai sake gwadawa ba. Wannan tsoron ne ya hana ni cin abinci, ba rashin kati ba.

Ranar Alhamis aka kira ni in zo in karɓi gawa. Mai biyan kuɗi ya ƙirgo abin da ke cikin marigayin ya jera a teburin manaja, sai rupi ɗaya ya rage, don yanzu ko mai bara ba ya karɓar rupi ɗaya, banki ma ba ya ajiye shi. Ya laluba aljihun teburinsa bai samu ba.

"Masi," in ji shi, wato inna, "rupi ɗaya ne ya rage, ba mu da shi. Ki yafe mana."

Sai na ji zuciyata ta yi tsalle kamar ta yarinya. "Kada ku nema, ɗana. Ku bar shi a ciki. Asusun da ke da rupi ɗaya ai bai mutu ba, da saura."

Mai biyan kuɗin ya dubi manaja. Sain Gulsher ya ce kwamfuta ba ta rufe asusu sai ya koma babu komai, kuma an ba shi umarni yau ne. Ya zaro jakar aljihunsa, daga wani lungu a cikinta ya fito da rupi ɗaya da ya yi baƙi, ya ce uwarsa ce ta ɗora masa a kan kyautar ranar da ya kama aiki. Ya miƙo mini da hannu biyu, bai iya kallona ba. Na karɓa, don na ga idan na ƙi, abincin bakinsa zan taɓa. Ya danna abin da zai danna. Wayar ta yi tilin-tilin a bakin mayafina, irin na fitar kuɗi, kuma shi ne kalaminsa na ƙarshe. Aka kawo almakashi aka raba katin biyu.

Marigayin ya rasu ya bar waya guda, wadda har yanzu nake kuncewa in duba ko da ba ta yi ƙara ba. Ya bar kati gida biyu da littafin cak da ba a ci rabinsa ba. Ya bar gwangwanaye masu yawa a garuruwa daban-daban ɗauke da lambarsa a murfi, da masu saye da suke ta kirana suna cewa kuɗinsu ya dawo, ko lafiya. Ya bar ƙani guda, haifaffen makon jiya, mai suna irin na kamfani da hatimi da lambar haraji. Ba na ƙinsa, yana aikinsa, yana ma yin tilin-tilin daidai gwargwado, amma bai san kowa ba, ba kuma wanda ya taɓa rera lambarsa. Ya bar ni. Ya kuma bar Achar, wanda shi ne mafi kusa da shi, kuma shi kaɗai ne ba a samu hanyar gaya wa ba.

Saboda haka na sa aka buga takardar nan da yawa, za a naɗe ta a ɗaure a wuyan kowane gwangwani da zai fita daga gidan nan har Sallah ta wuce. Ina roƙon direbobin motocin kaya, da masu gidajen abinci na bakin hanya, da masu shayi a Kotri da Hub da Gwadar da Sadiqabad da Karachi, ku manna ta a bango inda ma'aikata suke zama su ci roti, gurasarmu ta nan. Idan kuka ga dogon mutum mai tabo a gwiwar hagu, wanda idan an kawo achar yake tsince karas ya ture mangwaro gefe, ku miƙa masa. Ba sai kun ce komai ba. Tun ranar buhunan nan bai ƙara sa mangwaro a baki ba, ban jin ya sauya.

Nazeeran ta dage in sa sabuwar lambar a ƙasan takardar. "Ki sa, Amma, kada mu rasa duka," in ji ta, tana kuka. Na kwana biyu ina juya maganar, don ta fi ni gaskiya ta wajen hankali. Idan na sa, wataƙila ya haddace, mu koma gidan jiya, tilin-tilin sau biyu a shekara, har wata kwamfutar ta sake gani, ko har a rufe wannan ma don mai shi ta mutu da gaske. Idan ban sa ba, ina iya rasa har ɗan abin da nake da shi. Ban sa ba. Masu saye su kira Nazeeran ta ba su.

Za a yi jana'izar marigayin ranar Lahadi bayan la'asar, a gidana. Na tambayi liman ko za a iya kai shi maƙabarta, ya ce in ji tsoron Allah, don haka za a sa katin da littafin cak a cikin tsohon tulun da kuɗina suke kwana a da, a ɗaure bakinsa da farin ƙyalle, a ajiye shi a saman soro cikin 'yan'uwansa. Akwai shayi da roti da achar ga duk wanda ya zo. Kada a kawo kuɗin gaisuwa, ba inda za a zuba. An ɗauke wa Khamiso wahalar zuwa. Ba za a yi sadakar uku ba, ba za a yi ta arba'in ba, don ba ranar tashi daga wannan makoki. Za a riƙa zama duk Lahadi, har wanda ake jira ya zo.

Achar, ɗana, ba ni na rufe ba. Ina raye, ina yanka mangwaro, gwiwoyina ne kawai suke ciwo. Ubanka kwanansa ne ya ƙare, da ni ce a kan babur ɗin ma da haka za a yi, kuma wannan maganar tana bakina tun kafin ka naɗe shimfiɗarka. Rupin yana nan ɗaure a bakin mayafina, kusa da wayar. Na bana kada ka kai wa kowane gilashi, ka kawo da hannunka, ko ka zo ba komai. Ranar sunanka ake zaman, ba za ka manta ba. Ƙofar gidan nan ba ta da lambar da za ka haddace, turawa kawai ake yi.

Hakimzadi, uwar Achar, a madadin iyalan marigayi.